Na Bar Masa Hausa

Masu turo min saƙo kuna cewa in yi haƙuri, wai mace da haƙuri aka san ta, na ga saƙonninku, Allah ya saka da alheri. Amma ku bari in zayyana muku yadda abin ya faru tiryan-tiryan. In kun gama ji sai ku nuna min inda zan saka haƙurin, don ni na duba ban ga gurbinsa ba.

Sunana Khairiyya. A Wudil aka haife ni, a nan nake aiki, a sashen wayar da kai na wani ofishin gwamnati da ba zan kama sunansa ba. Aikinmu shi ne mu karɓi sanarwa da Turanci mu mayar da ita Hausar da mutumin Darki ko Dagumawa zai ji ya gane: rigakafi, rabon taki, gargaɗin ambaliya in kogi ya fara cika. Digirina na Hausa ne, ban kuma taɓa jin kunyar faɗa ba, duk da akwai masu yi min kallon wadda ta je jami'a ta koyo abin da ake sha a nono.

Teburin da yake kallon nawa na Abdulbaqi ne. Dogo, wankan tarwaɗa, kullum cikin shadda mai sitaci da hula a karkace, turarensa yana riga shi shiga ofis. Aikin jarida ya karanta, Turanci a bakinsa kamar an kunna famfo. Tun shekarar da aka kawo shi yake zuwa zance gidanmu, har ta kai Umma tana ware masa tsakiyar kifi in ta soya, ni a bar ni da kai da jela.

Sai shugaban sashenmu ya kai lokacin ritaya. Kujera ɗaya, mu biyu muka cancanci nema. Aka ce sai an zauna jarrabawar ƙarin girma a Kano, wanda ya fi maki shi zai hau. Takardu biyu dole ne, dokokin aiki da tsarin kashe kuɗin gwamnati. Ta ukun zaɓi ce: ko Hausa, ko tarihi, ko ƙididdiga, mutum ya ɗauki wadda ya ga zai iya. Ni ko tunani ban tsaya yi ba, na ɗauki Hausa.

"Ni ma ita zan ɗauka," in ji Abdulbaqi, yana juya makullin mashin a yatsa. "Me zai kai ni ga wahala? Hausa kuma har sai an karanta ta? In ma wani abu ya shige min duhu, ga farfesa a gida."

Na yi dariya har da rufe fuska da mayafi. Ku duba min wauta.

Ba a jima ba na dawo daga aiki wata ranar Laraba na tarar da Gwaggo Hansai, yayar marigayi mahaifina, ta zo daga Utai. Tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafafu, ƙullin daddawa da busasshiyar kuɓewa a gefenta. Umma tana tsinkar zogale. Yaya Sabo, wanda da wuya ka gan shi a gida da rana saboda shago, yana kan kujerar roba yana kallon ƙasa. Da ganin wannan zama na san ni aka dafa.

"Ma'aikaciya, an dawo?"

Na durƙusa. "Gwaggo sannu da zuwa. Ya hanya? Ya mutanen gida, ya ƙafar taki?"

"Ƙafa da sauƙi. Matso nan. Wata magana na ji, wai ke da yaron nan za ku shiga kokawa a kan kujera."

"Ba kokawa ba ce Gwaggo, jarrabawa ce."

"Ko me sunanta, ai ɗaya zai kayar da ɗaya. To in ke kika kayar da shi fa? Da safe ya rusuna ya ce miki ranki ya daɗe, da yamma ki durƙusa ki miƙa masa tuwo? A wane gari aka taɓa yi?"

Yaya Sabo ya gyara murya. "Shi ya same ni da kansa a shago, cikin ladabi. Ya ce ba don kansa ba, don zaman lafiyar gidan da za ku gina. Ki bar masa wannan karon, wata za ta zo."

"Wace watan, Yaya? Wanda zai tashi daga kujerar nan tun ina firamare yake kanta."

Umma ba ta ɗago daga zogalenta ba. "Khairi, kujera ba ta kai mace asibiti ranar naƙuda."

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado ko takalmi ban cire ba. Waya ta yi ƙara. Shi ne: "Khairi na, ki saurari manya. Ki dauka ke kika ci, duk abin da na samu ai naki ne." Haka yake rubutu, babu ƙugiya a kan harafi ko ɗaya, na yi fama har na gaji.

Ba zan ɓoye muku ba, na kusa yarda. Na ce a raina mene ne kujera in ga mutum. Har na fara tsara yadda zan faɗa masa ya ji daɗi.

Ranar Juma'a, ranar kasuwa, gari ya cika da tireloli da kukan shanu, na ratsa ta lungu na tafi gidan Rabi karɓo ɗinki. Rabi aminiyata ce tun sakandare. Lissafi take koyarwa a makarantar 'yan mata, in ta dawo kuma ta hau keken ɗinki. Na tarar tana auna wata yarinya fara, 'yar gayu, cikin leshi ruwan zuma, lalle har gwiwar hannu, wayarta kuwa ta fi albashina tsada. Juwairiyya sunanta, 'yar wani babban dillalin shanu. Muka gaisa na samu gefen gado na zauna.

"Anti Rabi ki matse min nan kaɗan. Na ranar kawo kuɗi ne, so nake 'yan'uwansa su rasa bakin magana."

"To amarya. Wane mai sa'ar ne haka?" in ji Rabi, allura a bakinta.

Yarinyar ta yi fari da ido ta latsa waya ta miƙa mata. Na ga hannun Rabi ya tsaya cak. Kafin ta yi dabarar mayarwa, Juwairiyya ta karɓe ta juyo min da ita. "Anti ke ma ki gani, ki sa albarka."

Abdulbaqi ne. Cikin shuɗiyar shaddar da ni na zaɓar masa a kasuwar Kwari da ƙaramar salla, na tsaya a rana ina taya shi ciniki.

"Abba ne ya tsaya kai da fata, wai shi ba ya ba ƙaramin ma'aikaci 'ya, sai ya zama shugaban sashe. Shi kuma ya ce kamar an gama ne. Mutum ɗaya ce a gabansa, wata 'yar Hausa a ofishinsu, kuma ya ce ya riga ya ɗaure ta ta gida."

Ta ƙyalƙyale da dariya. Ba ta san komai ba baiwar Allah, ni ban riƙe ta da komai ba. Idona ya kasa barin hoton. Amma bakina, da yake an horar da shi, ya ce, "Masha Allah. Kun dace. Allah ya sanya alheri."

Tana fita Rabi ta tura ƙofa ta jingina da ita. "Ki yi kukan in za ki yi, babu kowa."

"Ba ni da lokacinsa. Rabi, ƙididdiga tana da wuya?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke? Ke da kike kwafar lissafina tun aji ɗaya, har da sunana kika taɓa kwafa?"

"Tambayarki na yi."

"Tana da wuya."

"Za ki iya cusa min ita kafin jarrabawa?"

Ta zare allurar daga baki ta soke a jikin labule. "In za ki iya jure zagi, zan iya."

Na san wasunku za su ce me ya hana in je gida in fasa ƙwai. Ku tsaya ku ji. In na tona shi a ranar, za a yi ta salati, Gwaggo ta ce namiji ne, a ba ni haƙuri, shi kuma ya farka. Shafin rajista bai rufe ba, zai ruga ya sauya darasi ya koma tarihi, ya haddace sunayen sarakuna ya tsira. Ni kuwa so nake ya zauna daram a cikin Hausar nan da ya rena, har a rufe ƙofa a kansa.

Na ce wa Yaya Sabo na yi tunani, amma a gaban Baffa Ja'afar zan yi magana, ƙanin mahaifina kuma waliyyina, kuma ina so Abdulbaqi ya kasance a wurin. Bayan la'asar muka haɗu a zauren Baffa. Na saka hijabi ruwan toka har ƙasa, ko kwalli ban sa ba, na zauna a bakin ƙofa na sunkuyar da kai kamar wadda aka kawo biko.

"Muna jin ki," in ji Baffa.

"Baffa, na duba na ga Hausar nan ita ce abin taƙamata, ita ce kuma za ta haɗa ni da shi. To wallahi na bar masa Hausa. Ba zan zauna takardarta ba, ba zan buɗe littafinta ba, ba zan yi bitarta da kowa ba, har a gama jarrabawar nan."

"Allah ya yi miki albarka," in ji Baffa. "Haka 'yar halak take."

Na saci kallon Abdulbaqi. Kansa a ƙasa, yana wasa da carbi, amma gefen bakinsa ya kasa ɓoye abin da yake ciki. Ban kai gida ba saƙonsa ya shigo: "Ke ta daban ce." Na mayar masa: "Kai ma haka."

Duk wanda yake zauren nan ji ya yi na ce na fasa jarrabawa. Ni kuwa na san abin da na faɗa, kalma bayan kalma, aikina ke nan. Ranar da za a rufe shafin rajista na shiga wani kafe na intanet a bakin tasha, na cire Hausa na saka ƙididdiga. Ji na yi kamar na ajiye takobina na ɗauki muciya zan tafi yaƙi.

A gida na ce ɗinki zan riƙa zuwa koyo wajen Rabi, tunda aure ya matso. Umma har da sa albarka.

Ranar farko Rabi ta juye gwangwanin maɓallai a kan tabarma. "Ware min su kala-kala. Wanne ya fi yawa?"

"Baƙi."

"To shi ne mod, abin da ya fi maimaituwa. Kamar ƙarya a bakin saurayinki."

"Rabi."

"Na ce miki da zagi. Ɗauko tef."

Da awon ƙugun matan unguwa na koyi matsakaici: a haɗa duka a raba da adadinsu. Da su na gane cewa in mace ɗaya mai jiki ta shigo cikin sirara, sai matsakaicin ya yi ƙarya, gara a jera su a ɗauki ta tsakiya. Wannan ya zauna min. Sai muka shiga jadawali da zanen sanduna da kaso cikin ɗari, nan ma na lallaɓa. Ranar da muka isa wani abu wai shi sitandad dibiyeshan, na ce mata wannan ai sunan ciwon baya ne.

"Ciwon kai ne. Rubuta."

Bayan sallar asuba, kafin Umma ta kira ni hura gawayi, ina kan darduma da littafin Rabi a cikin hijabi. A ofis ina fassara sanarwar rigakafi, a ƙasan takardar ina raba lambobi. In na ɗago na ga Abdulbaqi yana murmushi shi kaɗai da waya a hannu, sai lambar da ta ƙi zama ta zauna. Ban taɓa sanin haushi yana buɗe ƙwaƙwalwa ba sai a kansa.

Umma kuwa ta fara sa ido. "Wannan ɗinkin naki, har yau ko bakin ɗankwali ban ga kin kalmashe ba." Washegari Rabi ta ɗinka rigar filo ta karkata ɗinkin da gangan, na kawo. Umma ta juya ta ta ce, "To, da dai sauran aiki."

Ana nan sai Abdulbaqi ya samo tambayoyin shekarun baya. Ina zaune na ga ya buɗe, ya rufe, ya cire hula ya sosa kai, ya sake buɗewa. Da aka fita salla ya jawo kujera kusa da teburina.

"Khairi, zo ki ga wani abu. Wai a nuna karin sauti da tsawon wasali a waɗannan kalmomi. Mene ne karin sauti? Waƙa za mu rera musu?"

Na kawar da kai daga takardar kamar an nuna min abin haram. "Rufe, don Allah. Na rantse."

"Rantsuwar ai ta zama jarrabawa ce."

"Na ce ba zan buɗe littafinta ba, ba zan yi bitarta da kowa ba. Kana wurin. So kake in yi kaffara?"

"Haba Khairi, ni ne fa."

"Ai shi ya sa hankalina yake kwance. Kai da kake Bahaushe gaba da baya? Hausa kuma har sai an karanta ta?"

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Da yamma na ji yana waya a baranda yana tambaya ko ana iya sauya darasi. Daga yadda ya yi tsaki na san amsar da aka ba shi.

Kada ku ɗauka ni ina kan tudun mun tsira. Ana saura 'yan kwanaki Rabi ta yi min gwaji irin na gaske, ta karɓe wayata, ta zauna a kaina da tef a wuya. Da ta gama dubawa ta ajiye min takardar a cinya. Ko rabi ban kai ba. A nan kukan da na ƙi yi ya zo da kansa. Na hango shi a kan kujerar, ni ina miƙa masa fayil ina cewa ranka ya daɗe, katin bikinsa a kan teburina. Da hannuna na ajiye darasin da zan ci da ido a rufe.

"Kin gama?" in ji Rabi. "Dabarar kin iya ta. Sauri ne yake kashe ki, kina rubutu kamar kina shaƙe wuyansa. Ki bar shi a waje, ki shiga da lambobi kawai. In kin fito kya ci gaba da shaƙewar. Share fuskarki, sake tambaya ta uku."

Na sake. Na kuma sakewa, har aka kira magariba.

Ana jibi jarrabawa saƙonsa ya shigo ina tsaka da wanke-wanke: "Khairi ki taimaka ko da wannan kadai. Menene dafi? Ya fito kusan kowace shekara."

Na goge hannu a zani na zauna a kan turmi ina kallon saƙon. Abin da yake nufi shi ne ɗafi, mai ƙugiya, wato ɗan guntun da ake liƙa wa kalma a goshi ko a ƙeya, kamar yadda noma yake zama manomi. Abin da ɗan ajin farko yake sani. Amma ba shi ya rubuta ba, ni kuma ba a biyana in gyara masa tambaya. Na amsa abin da ya tambaya: "Dafi shi ne abin da maciji yake ajiyewa a baki, ya lafe a ƙasa kamar igiya, har sai an taka shi."

Ya turo fuskokin dariya. "Ke dai ba kya rabo da wasa."

Ranar jarrabawa na ce wa Umma zan raka Rabi Kano sayen yadi, kuma da gaske za ta saya. Na fito da atamfata kore mai zanen ganye wadda ban taɓa sakawa ba, na kafa ɗauri, na yafa farin mayafi, na ja kwalli har ya fito. Umma ta ce, "Duk wannan na Kwari ne?" Na ce ai birni ne. Da motarmu ta hau gada na leƙa na ga masunta suna jan koma a ruwa, na karanta duk addu'ar da na iya. Rabi tana gefena tana yi min tambayoyi a kunne har muka wuce Mariri.

A harabar wurin jarrabawar na hango Abdulbaqi a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ya buɗe wani littafin nahawu sabo fil, ko lanƙwasa bai yi ba, leɓensa yana motsi. Na taka a hankali har inuwata ta faɗa kan shafin.

"Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?"

Ya ɗago. Fuskarsa ta washe. "Khairi. Rakiya kika yo min? Kai, amma kin..." Sai idonsa ya sauka kan katin shiga da yake hannuna, da biro biyu, da na'urar lissafi. Murmushin ya tsaya a rabin hanya.

"Mene ne wannan?"

"Kati ne."

"Ba kin rantse ba? A gaban Baffa?"

"Na rantse na bar maka Hausa. Ka gan ni da ita? Ga ta can a hannunka, ita da kai halak malak. Ni ƙididdiga zan zauna."

"Ƙididdiga? Ke?" Ya so ya yi dariya, ta maƙale.

Aka buga ƙararrawa. Aka karɓi wayoyi a ƙofa. Da yake ofishinmu ɗaya, lambobinmu a jere suke, teburinsa yana dama da nawa, tsakaninmu bai fi taku ba. Takardun dole muka fara yi, kowa ya duƙufa. Na san a nan ba zai bar ni da nisa ba, ni ma ba zan bar shi ba. Ta ukun ce za ta raba gardama.

Bayan azahar aka raba ta. Na yi bismilla na buɗe. Tambayar farko jadawali ce ta buhunan taki da aka raba wa mazaɓu, a fitar da matsakaici da na tsakiya. Na ajiye numfashi. Na tuna maganar Rabi, na bar shi a waje, na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar shinkafa. Ta huɗu ta ba ni wuya, na tsallake, na dawo mata daga baya ta buɗe.

Sai da na yi nisa na ba kaina izinin kallon dama. Bironsa yana tsaye a kan layin farko. Zufa ta jiƙa bakin hularsa, sitacin shaddar ya saki a hammata. Ya juya shafi, ya dawo, ya sake juyawa. Mai sa ido yana can ƙarshen ɗaki ya ba mu baya.

"Khairi," ya ce can ƙasa-ƙasa. "Khairi. Ɗafa-ƙeya. Misali ɗaya kawai. Don girman Allah."

Yau ga ƙugiya ta fito a bakinsa.

Na ɗaga hannu sama.

Na ji numfashinsa ya ɗauke. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san abin da ake yi wa wanda aka kama yana magana a ɗakin nan: ba kujera kaɗai zai rasa ba, har fayil ɗinsa sai ya ɓaci. Mai sa ido ya juyo, wani dattijo mai farin gilashi, ya taho yana jan takalmi. Kalma ɗaya ta ishe ni. Na juya ta a baki, na ji zaƙinta. Amma in aka kore shi, gobe zai ce makirci aka yi masa, har abada zai riƙa cewa da an bar shi da ya ci. Ban yarda ya samu wannan mafakar ba. So nake ya zauna har ƙarshe, shi da farar takardarsa.

"Lafiya, Hajiya?" in ji dattijon.

"Lafiya lau, Baba. Takardar amsata ce ta cika, a ƙaro min wata."

Da aka tashi na karɓi wayata na fito. Rabi tana jirana a bakin get da ledar yadi. Kafin in isa gare ta ya sha gabana, idanunsa jajir, hular a hannu.

"Kin ci amanata. Kin yi wasa da rantsuwa, kin yi wasa da manya. Wallahi daga nan gidan Baffa zan wuce, kafin ki isa Wudil ya ji komai."

Na gyara mayafina. "Ka je. Amma hanya da nisa, kada ka tafi kai kaɗai. Ka biya ka ɗauki Juwairiyya ta raka ka, sai ka nuna wa Baffa igiyar da ka ɗaure ni da ita ta gida."

Hular ta suɓuce daga hannunsa. Na zagaye shi na wuce.

Muna shiga mota na kunna waya. Kiran Umma ya fi a ƙirga, na Yaya Sabo yana biye. Ashe wani ɗan ofishinmu da ya gan ni a layin shiga tun safe ya kai labari gida. Ban gama dubawa ba ta fara ruri a hannuna. Baffa Ja'afar, mutumin da bai taɓa kirana da kansa ba tun da aka haife ni.

Rabi ta leƙo ta ga sunan. "Ki bari sai mun isa."

"A'a," na ce. "Na gama sunkuyar da kai."

Na ɗaga, na yi sallama.